Sarrafa Sharar Gari Ta Zama Takin Lambu a Yankin Kuje

Amfani da sharar gari a gona ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa manoman kewayen birnin Kano ke kwasar shara a kan jakuna suna kai wa gonakinsu, abin da ya taimaka musu wajen noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya mutu ba. To amma sharar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Wadda tifa ke kwasowa yau daga kasuwar Kuje da unguwannin Abuja cike take da leda da gwangwani da fasassun kwalabe da tsofaffin batira. Don haka shara ba ta zama taki sai an tsince ta, an kuma ruɓar da ita.

Tsincewa ita ce babban aikin, kuma nan ne yawancin manoma ke yin sakaci. Batir yana ɗauke da guba irin su dalma da kadmiyam, waɗanda ba sa ruɓewa, sai dai su zauna cikin ƙasa. Ganyaye kamar alayyafo da latas suna zuƙar kadmiyam fiye da tumatir ko kuɓewa, daga nan ya shiga cikin mai ci. Leda kuwa tana tare saiwa, tana hana ruwa shiga ƙasa. A guji sharar asibiti da ta garejin makanikai ɗungurungum. Wadda ta fi dacewa ita ce ta 'yan gwari da masu sayar da abinci: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon doya da na ayaba, ganyen kabeji. Mai tsincewa ya sa safar hannu da takalmi.

A tara tsibi mai faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin kamar mita ɗaya a ƙarƙashin inuwa. A fara shimfiɗa busasshen abu, kamar yankakken karan masara ko ɓuntun shinkafa, a ɗora ɗanyar shara, sannan kashin kaji, wanda ba ya wuyar samu saboda yawan gidajen kaji a Kuje. A yi ta maimaitawa ana yayyafa ruwa. Idan aka damƙi takin ya dunƙule bai ɗiga ba, laimar ta yi daidai. Da damina, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, a rufe tsibin don kada ruwan sama ya wanke amfaninsa.

Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tsibin za ta yi zafin digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A soka sanda a zaro. In ta fito da sanyi, ruwa ko kashin kaji ya yi kaɗan. A riƙa juyawa duk mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Bayan wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi, ya yi laushi, wari ya ɗauke.

A zuba kilo ɗaya a kowace murabba'in mita, wato tan 10 a hekta, a cuɗa da ƙasa mako biyu kafin dashe. Naitorojin da ke cikin wannan taki yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, kuma sannu a hankali yake fitowa, saboda haka kabeji da tumatir za su buƙaci ƙarin takin zamani. Babban amfaninsa shi ne gyara ƙasa mai yashi ta riƙa riƙe laima, mai noman rani ya rage yawan ban ruwa.