Tanadin Cimaka Ba Ya Warware Tawakkali

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari. Shugaba (SAW) kuma yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara, alhali babu wanda ya kai shi tawakkali.

Mutanen Azarori, Buza da Keita ba su manta yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fara da ƙarancin ruwan 2004. Don haka muridi ya fitar da zakka tun kaka, ya jera dammunan gero a rumbu, ya ware iri. Kada ya sayar da arha, damina ta zo ya sayo da tsada. Hannu ya riƙi sababi, zuciya ta dogara ga Mai azurtawa.

Allah Ya kiyaye bayinSa, amin.