'Yar Murtala ta Wane Zamani Ce?

Wani mai sauraronmu daga Daura ya tsinci tsohuwar takardar naira ashirin a adakar mahaifinsa, yana tambayar yadda zai gane zamaninta.

To, 'yar Murtala, wato takardar naira ashirin, ta fara fitowa ne a Fabrairun 1977, kuma a lokacin babu takardar kuɗin da ta kai ta daraja a Najeriya. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta sauya mata launi. Sai mai tambaya ya duba sa hannun gwamnan Babban Banki, domin shi ne zai nuna shekarunta. Idan ya ga rubutun ajami, ta girmi ta leda da aka fitar a 2007. Kada ya wanke ta ko ya yi mata guga, domin masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son ta yadda take.