Gizon Gona: Danginsa da Amfaninsa ga Manomi

Idan damina ta yi nisa, manoman ƙasar Potiskum ta Jihar Yobe sukan tarar da yana mai faɗi tsakanin karan gero da ganyen wake. A tsakiyarta akwai gizo-gizo mai zanen rawaya da fari da baƙi, ya juya kansa ƙasa, ya haɗa ƙafafunsa biyu-biyu. Mutane da yawa sukan kashe shi, suna zaton tautau ne mai cuta. Wannan kuskure ne mai jawo hasara.

Masana ba su lissafa gizo-gizo cikin ƙwari ba, domin ƙafarsa takwas ce, ta ƙwaro kuwa shida. An san irinsa fiye da 50,000 a duniya. Daga cikinsu akwai dangin Araneidae, wato masu saƙa yana zagayayya kamar faifai, waɗanda suka haura iri 3,000. Gizon gona yana cikin wani reshe na wannan dangi mai suna Argiope, sunan da wani masani Bafaranshe, Audouin, ya raɗa masa a 1826. Ana gane shi da farin zare mai kauri da yakan saƙa a karkace a tsakiyar yanarsa.

Wannan reshe ya ƙunshi iri fiye da 80, kuma ana samunsu a kowace nahiya ban da Antatika. Ɗaya daga cikinsu, Argiope trifasciata, wanda aka fara bayyana kamanninsa daga Masar a 1775, ya bazu a Afirka da Amurka da kudancin Turai da Asiya da Ostareliya. 'Ya'yansa sukan saki siririn zare, iska ta ɗauke su zuwa nesa.

Abincinsa fara ne da ƙudaje da sauran ƙwari, cikinsu har da masu ɓarnar amfanin gona. Dafinsa na kashe ƙwari, amma ba shi da haɗari ga ɗan Adam, kuma ba ya cizo sai an matse shi.

Saboda haka ana kira ga manoma su bar shi ya yi aikinsa. Feshin magani barkatai yakan kashe shi tare da ƙwarin, ƙunar daji kuwa takan hallaka ƙwayayen da ya ajiye cikin ciyawa. Kafin a yi feshi, a nemi shawarar malamin gona.