Kafin ka sayi lofe

Taba cuta ce, barinta ya fi. Amma in ka nace sai ka sayi lofe, to, ka duba da kyau.

Wanda ya yi suna a duniya na wani farin dutse ne mara nauyi da ake haƙowa a Eskisehir ta Turkiyya. Jiƙa yatsa ka taɓa cikin lofen: na ainihi zai ɗan kama yatsan, wanda aka curo daga garin dutsen kuwa ya fi nauyi.

In na yumɓu ka samu a kasuwar Gummi, ƙwanƙwasa shi. Gasasshe ƙara yake yi tas. Zura tsinke ka ga ya wuce ba tangarɗa. Ka kuma yi hattara da dalma a cikin yumɓun: gubar dalmar da ta kashe yara a Anka da Bukkuyum a 2010 daga ƙurar niƙan dutsen zinariya ta fito. Don Allah, tambayi inda aka ɗebo yumɓun.