Daliya ba dankali ba ce

Raina a ɓace nake wannan rubutu, kuma da masu gida nake, waɗanda ke miƙa lambunsu ga duk wanda ya shigo da adda da ƙullin taki ya ce shi mai lambu ne.

Akwai wata baiwar Allah a nan Jos, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda shekarun baya na dasa wa daliya a gaban barandarta. Irin da ake kira Bishop of Llandaff ne, mai ganye baƙi-baƙi da fure ja wur. Tsohon iri ne da wani mai renon furanni, Fred Treseder, ya fitar a birnin Kadif na Birtaniya, aka sa masa wannan suna a 1924, kuma ba a ko'ina ake samunsa a nan ba. Ta riƙe shi hannu bibbiyu. Duk shekara in ganye ya bushe takan kira ni in haƙe saiwar in ajiye mata a kwali cikin garin katako, in damina ta ƙarato mu raba mu mayar. Daga 'yan gindi kaɗan har layin ya cika, har tana raba wa maƙwabta.

Bana ta tafi jinyar ƙanwarta, ta bar yara a gida. Wani ya zo neman aikin yankan ciyawa, ya ga kwalin a sito, ya ce ai wannan aikinsa ne, shi a gonar dankali ya tashi. Suka ba shi. Ya zauna ya ɓaɓɓalle saiwar ɗaya bayan ɗaya daga wuya, manyan ya datsa su biyu, kututturen da suke manne da shi kuma ya watsar a bola. Ya baje kunyar da na tayar, ya binne su a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daidai inda indararo ke zuba, ya zuba yuriya cike da hannu a kowane rami, ya bar wa yara umarni su riƙa ba da ruwa safe da yamma.

Da ta dawo ta kira ni. "Ɗana, zo ka duba mini, har yanzu ko tsiro ɗaya ban gani ba." Na durƙusa na sa hannu a ramin farko, tun kafin in kai ga saiwar wari ya tare ni. Ina taɓa ta yatsana ya shige ciki, ta narke ta zama baƙin ruwa. Haka na biyu, haka na uku. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne na can gefe da ruwa bai kai musu ba: tsaf suke, da ƙarfinsu, har sun fitar da fararen jijiyoyi, amma babu ido ko ɗaya a jikinsu. Ko shekara za su yi a ƙasa ba za su tsira ba. Na tambayi yaran ina kututturen, suka ce an ƙone shi da shara.

Na ce, "Mama, tun ranar da aka ɓalle su aka kashe su." Ta yi shiru can, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai daga baya na ji cewa an biya mutumin kuɗinsa cif, har da ƙari, don wai ya yi ƙoƙari. Albarkacin kyautar da ta riƙa yi ne kawai za mu samo irin a gidan maƙwabta badi.

Idon daliya a wuya yake, inda saiwa ta haɗu da tsohon kara. Saiwar da ba ta ɗauko guntun wuyan nan ba matacciya ce, komai girmanta. Kuma ba a ba ta ruwa sai ta tsira.

Masu sayar da irin wannan makauniyar saiwa a bakin titi sun san abin da suke yi. Suna zaɓo mafi ƙiba su jera a gaba, don sun san mai saye girma yake dubawa. 'Yar ƙarama mai ido da lafiyayyen wuya ta fi su duka. Ka juya ta a hannunka, in wuyan ya karye yana lilo ka ajiye masa abinsa.

Ga kuma masu tallar iri a Facebook da hoton daliya shuɗiya shar. Babu shuɗiyar daliya a duniya, gyaran hoto ne. Ko jan ma, wanda ya sayar maka da ƙwayar iri ya ce Bishop of Llandaff za ta fito ya yaudare ka. Daliya tana da jerin ƙwayoyin gado ninki takwas, shi ya sa abin da ya fito daga ƙwaya ba ya ɗauko kamar uwarsa. Irin da ke da suna daga saiwa ko yankan toho kawai ake samunsa.

Wani kuma zai zo Jos ya ga fure ya burge shi, ya loda a but ya kai Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, bayan sati biyu ya kira ni wai na sayar masa da mara kyau. Asalin furen nan tsaunukan Meziko ne, can ma tun 1963 shi ne furen ƙasa. Sanyin dare yake so. Jos tana tudun da ya kai kimanin mita 1,200, shi ya sa yake karɓar ta. In dole sai ka gwada a ƙasar zafi, to ka jira hunturu, a tukunya, inda ranar safe kaɗai ke samu.

Yuriya kuma, don Allah a bari. Ganye za ta ba ka, kore shar, da kara mai taushi wanda iskar farko za ta kwantar, fure kuwa sai ɗaiɗai, saiwar ma ba za ta ajiyu ba. Ruɓaɓɓen takin gargajiya a gauraya da ƙasa tun kafin dashe ya isa mafari. Turke a kafa shi ranar shuka, ba sai ta girma a zo a soke saiwar da shi ba. A tsinke kan toho in ta kai kamu biyu.

Ganye ya fara rawaya-rawaya da dabbare-dabbare, gindin ya tsumbure? Feshi ba ya warkar da wannan. A tumɓuke a ƙone, a wanke wuƙar da bilic kafin ta taɓa na kusa.

Zan sake maimaita zancen ruwa, don shi ya fi kashe daliya a garin nan. Ruwan Yuli da Agusta kaɗai ya ishe ta har ya yi mata yawa. A tayar da kunya, a nisanta ta da indararo, a hana yara bin ta da bokiti. Mai lambun da ya ce a jiƙa ramin da bai tsira ba kullum, a sallame shi ranar.

In an haƙe kuma, kada a ƙulle ta a leda. Gumi za ta yi ta ruɓe kafin Janairu. A bar ta ta sha iska a inuwa, a sa a kwali, a ɗaga kwalin daga ƙasa saboda gara.