Rijiya A Jikin Kwalba

Akwai wani yaro a Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, yana aji biyar. Yaron nan Allah ya ba shi kaifin hadda. Kullum sai ya rubuta kalmomin Turanci goma a bayan littafinsa, kowace da fassararta guda ɗaya, ya yi ta bita har su zauna. Kafin kaka ya tara kalmomi masu yawa, har 'yan ajinsu suna ce masa Bature.

Ran nan ƙanwarsa ta kwanta ciwo. Ubansu ya tafi Dutsin-ma ya karɓo magani na ruwa a kwalba. Da ya komo gida sai ya ga rubutu a jikinta, shi kuwa bai yi boko ba. Ya kira yaron ya ce, "Zo ka karanta mana abin da suka ce."

Yaro ya duba, ya ga an rubuta *Shake well before use*. Ya san *shake*, girgiza ke nan. Ya san *well*, don tana cikin littafinsa, rijiya ce. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, sun ce a girgiza rijiya kafin a sha."

Uban ya ce, "Yaro, ni dai ban yi karatunku ba, amma ban taɓa jin wanda ya girgiza rijiya ba. Ɗauko kwalbar mu tafi wurin malaminku."

Malam ya duba ya yi murmushi, ya ce kwalbar za a girgiza sosai. Irin wannan magani yakan kwanta a gindin kwalba kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙwarya. In ba a girgiza ba, cokalin farko kusan ruwa ne zalla, na ƙarshe kuwa ya yi ƙarfi ya wuce kima. Yaro ya sunkuyar da kai, don ya ga abin da ya kusa jawo wa ƙanwarsa.

To, ina kuskuren yaron nan? Bai yi ƙarya ba, *well* rijiya ce. Amma kuma tana nufin sosai, tana nufin lafiya lau, kamar in mutum ya ce *I am well*. Shi ya ɗaure kalmar a turke ɗaya, alhali tana da turaka uku.

Wannan ba halin Turanci kaɗai ba ne. A dubi kalmar nan "ci" ta Hausa. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin jarrabawa, wuta ma takan ci daji. Baƙon da ya haddace cewa "ci" ita ce sa abu a baki a haɗiye, in ya ji an ce kasuwar Batsari tana ci, sai ya tambaya me take ci. Bahaushe bai taɓa ruɗewa ba, domin tun yana goye yake jin kalmar tare da maƙwabtanta. Haka ya kamata a koyi ta Turanci: a riƙe ta cikin jimla, ba ita kaɗai ba.

Daga ranar yaron ya sāke dabara. Ya rage kalmominsa daga goma zuwa uku. Kowace sai ya kwafo jimlar da ya tsince ta a ciki, ya nemi sauran ma'anoninta a ƙamus, sa'an nan ya ƙaga jimla tasa ya kai wa malam. Ƙamus kuwa ba a tsayawa a layin farko, sai a karanta bayani duka a zaɓi wanda ya dace da zancen. Tun 1934 wani Bature, G. P. Bargery, ya fitar da babban ƙamus na Hausa zuwa Turanci, bayan ya yi shekaru yana tattara kalmomi a bakin mutane. A 1965 kuma aka buga na Neil Skinner, daga Turanci zuwa Hausa.

Ya kuma gane ashe ya daɗe yana furta Turanci bai sani ba: bokiti daga *bucket*, tebur daga *table*, birki daga *brake*. Amma ko nan sai da lura, gama *motor* sau da yawa inji take nufi, ba motar da ake shiga ba.

Aiki

1. Me ya sa ake girgiza maganin kafin a sha?
2. Kawo jimla huɗu da kalmar "baki", kowace da ma'ana dabam.
3. Nemi *bank* da *light* a ƙamus, ka rubuta ma'ana biyu ta kowace.