Darasi na 14: Malamin Haraji da Littafinsa

Jama'a, karatunmu na yau a kan malamin haraji ne. Tsofaffin Tambuwal da na Kebbe sun san shi sarai. Shi ne mutumin nan mai babban littafi a hammata, wanda ya kan shimfiɗa tabarma a zauren ubanƙasa in kaka ta yi. Mutane da yawa ba su son ganinsa a lokacin. Amma kaɗan ne suka san wahalar aikinsa. Mu duba wahalar nan, gama a cikinta akwai abin da zai amfane mu yau.

1. Yadda aikin ya ke

Turawa sun ci Sakkwato a shekarar 1903. Bayan 'yan shekaru aka tsara haraji, aka kafa baitulmali, watau ma'ajin En'e. Tambuwal da Kebbe gundumomi ne a ƙarƙashin En'en Sakkwato. Kowace gunduma tana da ubanƙasa. A ƙarƙashinsa akwai hakimai, sa'an nan masu unguwa. Wanda mu ke kira ubanƙasa shi ne Kanawa ke kira hakimi, hakiminmu kuwa shi ne dagacinsu.

Kowace shekara a kan yanka wa gunduma kuɗin da za ta biya. Ubanƙasa ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa magidanta. Baligai maza ke biya. A kan ɗauke wa tsoho tukuf, da makaho, da wanda ciwo ya nakasa. Attajiri kuwa a kan ɗora masa fiye da na talaka. Kuɗin da aka tara, kashi ya tafi wurin Gwamnati, kashi ya zauna a baitulmali, a biya albashi, a yi makarantu da ɗakunan magani da rijiyoyi da hanyoyi.

Duk wannan aiki a kan littafi ɗaya ya ke tsaye. Mai riƙe da littafin shi ne malamin haraji.

2. Wahala ta fari: ƙirga mutane

Kafin a karɓi ko kwabo, sai malam ya bi ƙauye ƙauye ya rubuta sunan kowane mai biya. Wani wuri ya je kan doki, wani wuri a ƙasa. A ƙasar Kebbe, in Gulbin Zamfara ya kawo ruwa, sai da jirgin fito.

Ya isa gida ya yi sallama. Maigida ya ce, "Malam, ɗan nan nawa yaro ne, bai isa haraji ba." Ba takardar haihuwa, sai duban ido. Wani gida kuma samari sun haura danga tun da suka ji ƙarar kofato. Ga kuma sunaye iri ɗaya. Unguwa guda Muhammadu goma, Abubakar takwas. In malam bai haɗa da sunan uba ko laƙabi ba, sai wannan ya biya, a rubuta wa wancan.

Babbar wahala ita ce cin rani. Da an gama girbi, samari su kan ɗauki sanda da gora su nufi kudu: waɗansu gonakin koko na ƙasar Yarabawa, waɗansu Kumasi, waɗansu haƙar kuza a Jos. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa malamai a kan hanyoyin Lardin Sakkwato su ƙirga masu fita, aka sami fiye da mutum 200,000. Da yawa neman kuɗin harajin ne ma ya fitar da su. To, sunan mutum yana littafi, shi kuwa yana Kumasi. Wa zai biya?

3. Mu yi lissafi

Kuɗin wancan zamani fam ne da sule da kwabo. Kwabo 12 sule ɗaya. Sule 20 fam ɗaya. Sisi kwabo 6 ne, taro kwabo 3.

Ga misali. A ce ƙauye yana da masu biya 60 a littafi, kowa sule 25. Jimla sule 1,500, watau fam 75. Ranar karɓa ta zo, aka tarar mutum 7 sun tafi cin rani, 2 sun rasu, 1 ya yi ƙaura. Mutum 10 ke nan babu. Kuɗinsu sule 250, watau fam 12 da sule 10.

Amma fam 75 a ke jira a Sakkwato. In ba a gyara littafi ba, sai a raba sule 250 ɗin nan a kan mutum 50 da suka rage. Kowa ya ƙara sule 5. Wanda zai biya 25 ya biya 30. Kun gani? Kuskuren da ke cikin littafi, daga rumbun talaka a ke biyansa. Wani ya sayar da damin geron da zai ci da bazara, wani ya sayar da akuyar matarsa.

4. Wahala ta biyu: jangali

Jangali harajin shanu ne, a kan kowace saniya a ke biya. Da damina a ke karɓarsa, sa'ad da Filani suka zauna wuri ɗaya. Malam ya kan shiga daji cikin ruwa da taɓo da sauro, ya nemi ruga. Ya tsaya ya ƙirga shanu, su kuwa ba su tsayawa. Wani makiyayi, da ya ji labarin zuwan malam, sai ya raba garke biyu, ya tura rabi cikin kurmi. Wani ya ƙetare iyaka cikin dare ya shiga wata gunduma. Shi ma makiyayi yana da nasa kukan: wani lokaci a kan ƙirga masa shanu nan, ya matsa gaba a sake ƙirga masa. Abin da kan raba gardama shi ne takarda, in yana da ita.

5. Wahala ta uku: kuɗi da rasit

Harajin kai da kaka a ke karɓa, bayan an sayar da gyaɗa da auduga. Lokacin gajere ne, takarda kuwa tana ta zuwa daga Sakkwato, ana cewa a hanzarta. Malam ya wuni yana karɓa, ya kwana yana ƙirga da fitilar ƙwai. Yawancin kuɗin ƙarfe ne. Ya jera sule ashirin ashirin, ya buga wanda ya ke shakka a kan dutse, ko na jabu ne. Sa'an nan a ɗaure cikin jaka, a sa a akwatin ƙarfe, dogarai su raka shi. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kamar mil 60 ne. In ma'aji ya ƙirga ya ga ya kasa, malam a ke fara tambaya. Ko ya cika daga albashinsa, ko ya tsaya gaban alƙali.

Kowane mai biya yana da hakkin a ba shi rasit mai lamba, da sunansa da yawan abin da ya biya. Takardar nan ta yi daraja ƙwarai, har matafiyi ya kan ƙulle ta cikin laya, gama 'yan doka su kan tambaye ta a hanya.

A nan gaskiya ta ke rabuwa da ƙarya. Akwai malamai masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda ba su da shi. Marar tsoron Allah ya kan karɓi sule 30 ya rubuta 25. Ko ya miƙa wa mutum rasit ɗin bara. Mai biya ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Malam," ya tafi. Me ya sa? Don bai iya karatu ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi kuma malamin kirki, jahilcin nan bai bar shi ba. In an zarge shi da cin kuɗi, ba wanda zai iya duba littafinsa ya wanke shi. Wannan yana cikin abin da a ke faɗa wa mutane sa'ad da aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950: ka koyi karatu ka karanta takardarka da kanka.

6. Yau fa?

Zamani ya sake. A 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya ya zama naira 2. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar haraji ta Nijeriya, wadda aka sa ta fara aiki a Janairun 2026. A cikinta, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu.

Amma aikin malamin haraji bai mutu ba, akawu da akanta sun gāje shi. Su ke cika wa 'yan kasuwa da ma'aikatu takardun haraji a farkon shekara. Alƙalami ya zama kwamfuta, kukan kuwa irin na dā ne: mutum ya zo ranar ƙarshe, ba littafin ciniki, ba rasit, ya ce a rubuta masa daga ka.

Saboda haka ga abu huɗu, ku riƙe:

Na ɗaya, kada ka ba da kuɗin hukuma, ko na kasuwa ne ko na tasha, sai an ba ka rasit.

Na biyu, karanta shi nan take. Duba sunanka, da yawan kuɗi, da kwanan wata, da hatimi.

Na uku, adana shi inda ruwa da gara ba su kai.

Na huɗu, in kana sana'a, sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wanda ya yi haka ya sauƙaƙa wa malamin kirki aikinsa, ya kuma toshe wa macuci hanya.

Tambayoyi

1. Wa ke raba wa hakimai haraji?
2. Don me cin rani ya wahalar da malamin haraji?
3. Sule 250 fam nawa ne?
4. Da wane lokaci a ke karɓar jangali?
5. Faɗi abu huɗu da za ka duba a jikin rasit.

Aikin gida: Kowa ya zo da rasit ɗaya gobe, mu karanta tare.